Duwatsun Ƙanwar Mijina da Ruwan Jegona

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Ko ranar da aka kai ni ɗaki ba zan iya rantsuwa in ce Laraba ce ko Alhamis ba. Amma abin da na aikata a daminar da na haifi ɗana na biyu, ko da zan tsufa har in daina gane jikokina, ba na jin zai fita daga kaina. A taƙaice dai, duwatsu na dafa. Kada ku yi saurin dariya, ku bari tukuna, don akwai inda dariyar za ta fi yi muku daɗi.

A Gwandu muke zaune, gida ɗaya da mahaifiyar mijina, wadda muke kira Inna, da ƙanwarsa, autarsu. Ita wannan ƙanwar tasa a lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a can Kalgo, kuma abin da take karanta shi ne ilimin duwatsu. Ni da iyakar karatuna firamare, wannan abu ya daɗe yana ba ni dariya. Tunda akwai wasa tsakanina da ita, kullum ta dawo hutu sai na tsokane ta. In ce, "Malama, wasu na karatun likita, wasu na lauya, ke kuma an aike ki ki gano abin da yara ke jifar kadangare da shi." Ita kuma ta ce, "Anti, ke dai ci gaba da tuƙa tuwonki, ranar da zan gano zinariya ba zan ba ki ko ɗan kunne ba."

Ina da sati ɗaya da haihuwa ta dawo daga wata tafiya da suka yi ita da 'yan ajinsu zuwa kudancin jiha, can wajen tsaunukan Zuru. Sati biyu suka yi. Ta dawo ta yi baƙi, ta rame, ƙafafunta duk bororo, har wasu sun fashe. Ni na dafa mata ruwa ta tsoma su, na shafa mata man kaɗe. Tsarabar da ta kawo kuwa buhu ne guda, da ƙyar mutum biyu suka shigo da shi. Da aka kwance, duwatsu ne goma sha takwas, kowanne kamar girman kan jariri, wasu sun fi. Kowanne yana cikin ledarsa, an rubuta masa lamba da farin fenti, sannan ga 'yar takarda a cikin ledar mai lamba iri ɗaya. Ba irin jan marmararmu na Gwandu ba ne. Baƙaƙe ne masu ratsin toka, shafi a kan shafi kamar littafi ya sha ruwa ya bushe, suna wani ɗan ƙyalli kamar bayan kifi. Da su za ta yi binciken gama karatu.

Aka ajiye buhun a ɗakin ajiya kusa da rumfar kwano, kafin yayanta ya samu motar da za ta kai mata shi Kalgo. Da za ta koma makaranta ta leƙo ɗakina ta ce, "Anti, don Allah kar kowa ya taɓa min kayan nan." Na ce, "Ke ma dai. In ɓarawo ya shigo ai sai dai ya tausaya muna ya ajiye wani abu."

Ya kamata in faɗa muku ko ni wace ce a lokacin. Ni mutum ce mai tsoro. In yaro ya yi atishawa sau biyu na fara tunanin asibiti. In ya yi barci da yawa sai in sa kunne a ƙirjinsa, in bai yi ba kuma in ce wani abu ne. Haihuwar fari a gidanmu na yi wanka, a Malisa, mahaifiyata ke yin komai. Ta biyun kuwa a ɗakina na zauna, aka ɗauko gwaggon maigida daga Dalijan don ta yi min wankan jego. Wannan tsohuwa ba ta san wasa ba. Safe da yamma za ta tafasa ruwa a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ganyen darbejiya, tana fyaɗa min tana ba ni labarin matan da suka tsallake kwana ɗaya. Wata ta kumbura. Wata ƙafarta ta shanye. Wata har yau ko a watan zafi da bargo take kwana. "Sanyi ba shi sallama, ɗiyata," in ji ta, "kwana guda ya ishe shi." Ni kuwa duk abin da aka zuba min na tsoro, riƙe shi nake kamar karatun allo.

Ana haka aka yi rasuwa a Dalijan. Gwaggo da Inna suka tafi tare, da niyyar kwana uku. Kafin ta fita, Gwaggo ta nuna ni da yatsa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe kada in bar ruwan nan ya huce. Maƙwabciyarmu ta yi alkawarin taya ni ɗibar ruwa da sauke tukunya.

Washegari da hantsi aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Murhunmu a tsakar gida yake, na curin ƙasa ne, kafin azahar ya narke ya zama taɓo. Maigida yana gona. La'asar ta gabato, ban ɗora ruwan yamma ba, sai na fara jin kamar ƙafata ta hagu tana yin nauyi. Yanzu na san zama ne ya yi yawa, amma a lokacin na riga na ga kaina ina jan ƙafa har ƙarshen rayuwata. Na ja itace zuwa ƙarƙashin rumfa, na rasa abin da zan ɗora tukunya a kai. Na duba bayan ɗaki, na duba zaure, ba komai sai fasasshen bulo da ba zai ɗauki nauyinta ba. Sai idona ya faɗa kan ƙofar ɗakin ajiya.

Wallahi ban ji ko ɗar ba. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, ta ce kar a taɓa, nufinta kar a ɓatar. Ni kuwa aro zan yi. Kuma tun da nake ban taɓa jin an ce wuta ta cinye dutse ba. Na zaɓi uku masu faɗin gindi, na girka su, tukunya ta zauna daram kamar don ita aka saro su. Na zuba ƙirare, na ɗora itacen kirya, wuta ta kama. Har cewa na yi a raina, yau dai karatun yarinyar nan ya yi rana.

A kwana na biyu, ina zaune ina ba yaro nono, sai na ji tas! kamar an harba bindiga. Ban san lokacin da na kai zaure ba, ɗa a hannu, ɗankwali a ƙasa. Da na lallaɓo na dawo, ɗaya daga cikin duwatsun ne ya tsage, ya buɗe shafi-shafi. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na shiga ɗakin ajiya na ɗauko wani. Da wani ya sake tsagewa na sake ɗaukowa. Kwana ukun su Gwaggo ya zama biyar, duwatsuna uku suka zama biyar.

Ranar da za su dawo na janye su daga toka don in mayar. A nan ne na ga ɓarnar da na yi. Fentin lambobin ya ƙone ƙurmus. Gefen da ya kalli wuta ya koma ja kamar bayan tukunyar ƙasa. Na wanke da toka da soso, jan nan yana nan. Na goga da yashi, sai ma ya ƙara fitowa. To a nan ne basirata ta motsa, irin basirar da gara a ce ba ni da ita. Na daka gawayi a turmi ya yi laushi, na kwaɓa da man gyaɗa, na bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya ina shafawa kamar ina yi wa amarya lalle. Na goge da tsumma, na shanya. Na samo ragowar farin fentin da aka shafa wa ƙofa, na sa tsinken tsintsiya, na kwafi lambobin daga takardun da ke cikin ledoji. Wane dutse ne na wace leda, ban sani ba, na dai raba musu yadda ya sawwaƙa. Waɗanda suka tsage na haɗa bakinsu na ɗaure leda tamau. Da na gama har ja da baya na yi na kalli aikina. Sun fi sauran sheƙi ma.

Ƙarshen mako ƙanwar maigida ta zo ɗaukar kayanta. Tana zaune bakin gadona tana wasa da yaro, ni ina shan kunun kanwa, Gwaggo tana gefe tana tsinkar zogale. Don in ji ƙarfin laifina, sai na ce da ita kamar da wasa, "Wai Malama, tsakani da Allah, mi za ki yi da duwatsun nan?"

Ashe daɗi ta ji an tambaye ta. Ta gyara zama. Ta ce duwatsun nan da can laka ne a ƙasan ruwa, irin lakar fadama. Ta faɗi wani adadi na shekaru da ban san inda zan ajiye shi a kaina ba. Ta ce ƙasa ta yi ta taruwa a kan lakar nan har ta nutse can ciki, inda akwai zafi da nauyi, sai ta dahu a hankali a hankali, ba dahuwar narkewa ba, 'yar dahuwa sama-sama, ita ce ta mayar da ita shafi-shafi haka. Ta ce a cikin dutsen akwai wasu 'yan ƙananan ɓawo da ido ba ya gani, iyakar zafin da suka sha, iyakar yadda suke girma su jeru. Za a niƙa ɗan yanki, a sa a inji, injin ya nuna yadda suka jeru, daga nan a ƙiyasta zafin da wurin ya kai. Nata hasashen, bai wuce ninki uku na zafin tafasasshen ruwa ba. In ta samu na wurare goma sha takwas ɗin, sai ta zana taswira, a ga inda ƙasa ta fi dahuwa da inda ba ta kai ba.

Na ce, "Wato zafin da ya sha kike nema."

Ta ce, "Shi kenan fa, Anti, kin gane. Mu ba mu ga wutar ba, dahuwar kawai muke dubawa. Kamar yadda kike duban waina ki san ko tanda ta yi zafi."

Na ce, "To in wata wuta ta sake taɓa shi fa?"

"Wace wuta?"

"Kowace iri. Ta daji, misali."

Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa suke hawa da guduma su saro daga ciki, ba sa ɗaukar wanda gobara ta lasa. Ta ce wutar itace ta ninka wancan zafin, in ta zauna a kan dutse sai ta goge abin da ƙasa ta rubuta tun farkon duniya, kamar an wanke allo.

Kunu ya sarƙe ni. Na yi ta tari har da hawaye. Gwaggo ta ɗago kai ta ce, "Kun gani ko? Na san sai da ta tsallake wanka da ba ni nan."

A wannan lokacin ya kamata in buɗe baki. Buhun yana nan a tsakar gida, ba a ɗora shi a mota ba. Kalma biyar ta isa. Amma na kalli Gwaggo, na tuna Inna, na hango yadda labarin zai kai Malisa kafin magariba, sai na yi shiru. Har addu'ar sauka lafiya na yi wa buhun.

Sati bakwai na yi ina ɗauke da abin nan. Na gama arba'in, kowa na cewa jego ya karɓe ni, ni kuwa in wayar maigida ta yi ƙara sai in kasa kunne in ji ko ƙanwarsa ce. Allah ya yafe min, har roƙo na yi injin nan ya lalace. Wani lokaci kuma in lallashi kaina in ce, inji ne fa, ina ya san gawayi.

Ranar wata Alhamis da rana, maigida ya dawo cin abinci, sai ga kiran ƙanwarsa. Ya sa muryar a bayyane don hannunsa na cikin tuwo. Kuka take. Da ƙyar muka gane maganar. Sakamako ya dawo. Goma sha uku sun tafi daidai da juna, biyar kuwa ba su yi kama da komai ba. Wani sinadari da ke cikin duk sauran ya ɓace a cikinsu, ga ja kamar tsatsa har can ciki. Ita ta lura da jan tun ana fasawa, ta ɗauka ruwan sama ne ya ci su. Malamin da ke duba aikinta ya ce ya sha ganin ɗaliban da ke ƙin hawa tsauni, su zauna a inuwa su tsinci dutse a bakin hanya su rubuta masa lamba. Ya ba ta zuwa Litinin ta kawo bayani, in ba haka ba zai kai maganar gaba, a soke aikin. Shekara guda ta tafi ke nan, in ma ba a kore ta ba, ga sunan maƙaryaciya.

Inna ta ce bakin mutane ne, dama tun da yarinyar nan ta shiga jami'a ake sa mata ido. Maigida ya ce zai je ya ba malamin haƙuri. Ni ina durƙushe ina ta juya miyar da ba ta buƙatar juyi. Sai na ji muryarta ta ce, "Yaya, wallahi na hau. Kowane wuri na taka da ƙafata. Ka tambayi Anti, ita ta ga ƙafafuna, ita ta shafa min magani."

Ni ta kafa shaida. Duk duniya ni ta zaɓa.

Bayan la'asar na sami maigida a ɗaki na faɗa masa komai, tun daga murhun da ya narke har tsinken tsintsiya. Da na zo kan man gyaɗa sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya riƙe ciki, sannan ya tsaya cak kamar an kashe rediyo. Ya ce, "Wagga magana ba ni za ni kai ta ba. Da bakinki kinka yi shiru, da bakinki za ki faɗa." Ya miƙo min waya. Na kira ta na faɗa mata. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Man gyaɗa, Anti?" Ta kashe.

Litinin da safe muka bar babban wajen Inna, na goya ƙaramin, muka hau mota zuwa Birnin Kebbi, daga nan muka canza ta Kalgo. Ban taɓa shiga jami'a ba sai ranar. Ta tarye mu a bakin ƙofa, ta gaida yayanta, ta shafa kan yaro, ni kuwa ko kallo ban samu ba.

Malamin dattijo ne mai furfura, Kirista, mutumin kudancin jiha, Hausarsa tsaf. Ya ba mu kujeru, ya saurare ni har na gama, ina magana ina kallon takalmana. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Maman yaro, kin yi ƙoƙari da kika zo. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na taɓa ganin uwa ta zo ta rantse, na ga kawu ya zo ya yi kuka. Dangi suna iya shirya labari don su ceci 'yarsu. Naku dai ya fi na kowa daɗi."

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, "Malam, akwai sauran duwatsun?"

Ya ce akwai, rabi ake fasawa a ajiye rabi. Na ce a kawo su, a kife lambobin, ni zan fitar da nawa.

Ya kalle ni ta saman tabarau, sannan ya tashi da kansa. Muka bi shi wani ɗaki mai dogon tebur. Ya sa ƙanwar maigida ta tsaya a bakin ƙofa ta juya baya. Ya jera gutsattsarin nan goma sha takwas, ya rufe lambar kowanne. Gaskiya da na gan su sai da na tsorata, don an farfasa su, an wanke, duk sun koma kama ɗaya. Na ce a ba ni cokali da ruwa a kofi.

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce. Tun ina ƙarama nake ganin yadda take ƙwanƙwasa tukunya bayan an fito da ita daga wuta, ta saurara, ta ce wannan ta yi, wannan ta sha wuta da yawa ta tsage a ciki. Haka na bi su da gindin cokali. Wanda bai ga wuta ba yana amsawa da ƙarfi, ƙal. Wanda na dafa kuwa muryarsa a dushe take, kamar mai mura. Wanda na yi shakka sai in ɗiga masa ruwa. Lafiyayyen ruwan yana tsayawa a kansa, dafaffen kuwa tsotsewa yake ta tsagun. Yaro ya farka a bayana yana ƙananan kuka, ina jijjiga shi ina ƙwanƙwasa. Na tura biyar gefe guda.

Malamin ya buɗe lambobin, ya duba takardar hannunsa, ya sake dubawa. Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Ya ce, "Ikon Allah. Har yanzu yana ƙamshin ƙuli-ƙuli." A nan ne ya yi dariyar, har ya zauna a kan kujera yana share ido. Sai ya hau yi min tambayoyi kamar ni ce ɗalibar. Wane itace? Na ce kirya. Kwana nawa? Na ce waɗannan biyun kwana huɗu safe da yamma, wannan kwana biyu ya yi ya fashe, wannan ɗaya shi ma ya fashe, wancan ɗaya. Wane gefe ne ya kalli wuta? Na nuna masa. Yana ta rubutawa. Ya kira ƙanwar maigida ya ce, "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, ki yafe min. A cire biyar ɗin nan. Goma sha uku za su ishe ki." Ta rufe fuska da mayafi tana kuka, maigida yana ta godiya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fita da ɗan mutuncina. Amma ina gyara goyo sai idona ya sauka kan wani guntu a cikin goma sha ukun, mai farin zare a gicciye kamar jijiya. Na san shi. Wata safiya a cikin kwanakin nan biyar na ɗauko shi na tokare ƙaramar tukunyar kunu da shi, a gefen wutar. Bai kai awa biyu ba. Bai yi ja ba, lambarsa ba ta ƙone ba, na mayar da shi ledarsa ba tare da na shafa masa komai ba, shi ya sa ban taɓa lissafa shi cikin zunubaina ba. Ko da na ƙwanƙwasa shi ɗazu, lafiya lau ya amsa.

Kowa ya juya zai fita. Ba wanda ya sani, inji ma bai kama shi ba. Na ji irin shirun nan na ranar kunu yana dawowa, daɗi-daɗi. Har na taka ɗaya. Sai na ce, "Malam, akwai saura."

Da na yi bayani, ya duba lambar, ya duba takarda, fuskarsa ta canza. Ƙanwar maigida ta leƙa, ta ce, "Innalillahi. Anti, ba wanga ba." Ashe shi ne na wuri mafi nisa, na hayin wani rafi, wanda ta yi yini guda kafin ta kai. Kuma shi ne ya ba da zafi mafi yawa a cikin lafiyayyun, a kansa duk bayanin taswirarta ya jingina, cewa dahuwar tana ƙaruwa in an nufi can.

Ta ce, "Malam, awa biyu ne fa kawai, a gefe. Ƙila bai taɓa shi ba."

Ya ce, "Ƙila. Ni ma ina jin bai taɓa shi ba. Amma za ki iya rantsuwa? Biyar ɗin can ba su ba ni tsoro ba, don ƙaryarsu a fili take, kowa ya gani zai watsar. Wannan kuwa in ƙarya yake yi, ya yi ta da kyau. Za mu rubuta, wani ya karanta ya yarda, ya ɗora nasa a kai." Ya ɗauke shi ya haɗa da biyar ɗin. Ya ce sai ta koma ta saro wani, in ruwa ya janye rafin ya ketaru.

Ta rako mu bakin titi, ta yi wa yayanta kaɗai sallama ta juya. Maigida kuwa sai da muka wuce Birnin Kebbi ya ce, "Ke kuma da kin tashi faɗin gaskiya ba ki san birki ba."

Sai bayan kaka suka koma, ita da yayanta, ya kai ta a babur har bakin rafin. 'Yan ajinsu suka gama suka tafi, ita ta ƙara wata uku. A watannin nan in ta zo gida gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ba ta ce min Anti, sai matar Yaya. Ban ga laifinta ba. Labari kuwa ya kai Malisa, ya kai Dalijan, ya kai Ceberu inda ban san kowa ba. Har yau in na je biki akwai mai tambayata ko duwatsun sun nuna a sauke. Gwaggo ita kaɗai ta goyi bayana, ta ce ko ma mene ne dai yarinya ba ta tsallake wanka ba.

Sabon dutsen da aka auna ya ba da kusan abin da na farkon ya bayar. Wato da na yi shiru ma da ba abin da zai canza. Ranar da ta zo da littafinta an ɗinke shi da baƙin bango, ita ta faɗa min haka da kanta, tana harara ta tana dariya. Na ce to ashe wahalar banza na ja miki. Ta ce, "A'a, Anti. Da can ina fata ne. Yanzu na sani."

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ɗora tukunya a kan duwatsun rashin sani ne, kuma da na faɗa a ranar, da faɗan yini guda za a yi min a wuce wurin. Abin da ya kusa cinye wa yarinyar nan shekara da suna ba wutar kirya ba ce, gawayin nan ne da man gyaɗa, da shirun da na yi buhu yana tsakar gida. Tsoron a yi min dariya ne ya sa na rufe, kuma dariyar ba ta fasa zuwa ba, sai ma ta zo da 'yan rakiya. Tun daga lokacin, in na yi ɓarna, ba na tsayawa gyara mata fuska. Ina kai ta wurin mai ita da janta da tsagunta, tun tana da ɗumi, in faɗa duka, har da ɗan guntun da ba wanda zai taɓa ganewa.